Yaro Matsakaici Tsakanin Makarantar Gwamnati da Makarantar Kuɗi

Duk wanda Allah ya ɗora wa nauyin karantar da yara, ko a zaure ne ko a aji, ba zai daɗe a kan buzunsa ba sai ya lura cewa ɗalibai ba su wuce kashi uku: akwai haziƙi, wanda tun malam bai rufe baki ba ya riga ya cafke, akwai wanda karatu ke yi wa nauyi ainun, sai an yi ta fama da shi da haƙuri da addu'a, sa'an nan akwai taro mai yawa a tsakaninsu, waɗanda in an maimaita musu darasi sau biyu ko sau uku sai ya zauna daram, in kuwa aka wuce da gaggawa sai su yi shiru su bi ayari, ba wanda ya san an bar su a baya. Waɗannan na tsakiya su ne mafi yawan 'ya'yan kowace al'umma, su ne kuma gobe za su zama malaman asibiti da akawuna da direbobi da 'yan kasuwa da iyayen gida, amma tarihin ilmin ƙasarmu, yadda aka saba bayar da shi, bai cika ambatonsu ba, domin an fi son lissafa sunayen waɗanda suka fito daga Kwalejin Katsina suka zama firimiya da ministoci. To, da yake a yau da wuya ka sami majalisar magidanta a Kano wadda ba a taɓa muhawara a cikinta ba game da makarantar gwamnati da makarantar kuɗi, wacce ta fi, ya kyautu a bi sawun wannan yaro matsakaici tun daga farko, a ga inda aka riƙe shi da inda aka sake shi.

Makarantar da kakanninmu suka sani ba ta hukuma ba ce. Sarki ba ya gina makarantar allo, baitulmali kuma ba ya biyan malaminta. Malam ne ke buɗe ta a zaurensa ko a gindin bishiyar ƙofar gidansa, iyaye su kawo 'ya'yansu su danƙa masa amana, su riƙa aiko da kuɗin Laraba, in yaro ya kai wata sura mai sadaka a kawo abin da ya sawwaƙa, ran sauka kuwa a yi wa malam alheri gwargwadon hali. Hikimar wannan tsari, wadda sabo ya sa muka daina ganinta, ita ce kowane yaro da allonsa. Daga babbaƙu zuwa farfaru, har ya fara ɗaukar surori, ba a wanke masa allo a yi masa ƙari sai ya zo ya durƙusa gaban malam ko gardi ya biya abin da ke kai babu tuntuɓe. In ya yi gargada a kalma guda a mayar da shi ya koma ya zauna da ita, ko da kuwa wanda suka fara rana ɗaya ya wuce shi da izu uku. Babu aji, babu ƙarshen shekara da za a kwashe kowa a tura gaba. Haziƙi ya sauke da wuri, matsakaici ya sauke bayansa, amma dukansu abin da suka karanta sun karanta shi. Lalle tsarin yana da nasa aibi, akwai dukan da ya wuce tarbiyya, akwai bara, akwai kuma yawan waɗanda ke tsayawa a tilawa ba su ƙarasa makarantar ilmi ba balle su buɗe Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala su san ma'anar abin da suke ibada da shi. Duk da haka, lokacin da Turawa suka ƙidaya waɗannan makarantu a zamanin Gwamna Lugga, wajen 1914, sun sami fiye da 20,000 a Jihar Arewa, da almajirai fiye da 200,000, kuma babu ɗaya da aka kafa da kuɗin haraji.

Ilmin boko kuwa ta hannun hukuma ya shigo ƙasashen sarakunan Musulmi, tun da an taƙaita wa 'yan mishan shiga birane. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, bayan birnin Kano, inda ya ware sashe domin 'ya'yan sarakuna, da sashe domin malaman da za su koyi rubutun boko su karantar, da sashen sana'o'in hannu. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce yau ake kira Barewa. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina. Jama'a ba su karɓi abin da hannu biyu ba, domin suna tsoron kada a juya musu aƙidar 'ya'ya, har ya zamana sai hakimi ya ɗora wa dagaci adadin yaran da zai kawo, masu hali kuwa da yawa suka ɓoye 'ya'yan cikinsu suka miƙa 'ya'yan barori da marayu. Allah da ikonsa, waɗansu daga cikin waɗanda aka miƙa ɗin su ne suka dawo suna mulkin waɗanda aka ɓoye.

Abin da ya shafi zancenmu a wannan zamani shi ne halin makarantar elamantare ta En'e, da Midil da ke bisanta. Yara kaɗan ne, saboda haka malam ya san kowa da sunansa da sunan ubansa da unguwarsu. Da Hausa ake fara karantarwa, da littattafan da Ofishin Talifi na Zariya ya wallafa, irin su Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, har yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi cikin harshen da yake mafarki da shi kafin a ɗora masa Turanci. Mai duba makarantu yakan iso ba da sanarwa ba, ya ɗauki littattafan rubutun yara ya ga ko an yi musu gyara, ya kira wanda ya ga dama ya ce karanta. Yaron da bai ci jarrabawa ba yakan maimaita aji. Mafi muhimmanci kuma, wanda bai kai ga kwaleji ba, ba a rufe masa ƙofa: akwai makarantar tsabta a Kano, da ta aikin gona a Samaru, da ta dabbobi a Bom, da ta horon akawuna a Zariya, da kwalejojin horon malamai irin na Maru da Toro da Wudil, kuma daga cikinsu ne aka sami malamin gona da malamin daji da malamin haraji da duba-gari, mutanen da suka riƙe ƙasa da aikin yau da kullum. Dattawan da ke cewa makarantar gwamnati ta da ta fi kowace makarantar kuɗi ta yanzu, wannan suke tunawa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Amma adalci ya wajabta a ƙara da cewa wannan alheri 'yan ƙalilan ne suka same shi: a 1957, shekara uku kafin mulkin kai, 'yan firamare a Arewa duka ba su kai 200,000 ba, alhali na Kudu sun haura miliyan 2. Matsakaicin yaron ƙauye na wancan lokaci bai taɓa ganin cikin aji ba.

Makarantun da ba na hukuma ba a wancan zamani na mishan ne da na ƙungiyoyi, galibinsu a Sabon Gari da Kaduna da Wusasa da ƙasashen da ba na sarakunan Musulmi ba, sai kuma Islamiyyu na zamani da suka fara tsirowa a Kano cikin shekarun 1950, waɗanda Malam Aminu Kano da jama'arsa suka himmatu a kansu, inda aka haɗa Larabci da fiƙihu da lissafi a aji mai benci da baƙin allo. Bayan yaƙin basasa gwamnatocin soja na jihohi da dama suka karɓe makarantun mishan, aka sauya musu suna: ta Saint John a Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, ta Saint Paul a Zariya ta zama Kufena, ta Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. A tsakiyar shekarun 1970, saboda haka, ɗan minista da ɗan mai gadinsa suna iya zama benci ɗaya, su ci abinci a langa iri ɗaya, domin kusan babu wata makarantar da za a kai ɗan ministan.

Sai aka zo babban al'amari, watau shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda jama'a suka sani da UPE. Janar Gowon ya yi shelarsa a Sakkwato a 1974, Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1976, lokacin da kuɗin man fetur ya cika baitulmali. Niyya ce kyakkyawa, kuma babu mai imani da zai yi baƙin ciki da buɗe ƙofar ilmi ga ɗan talaka. Miliyoyin mutane da ke karanta jarida yau albarkacin wannan shiri suke karantawa. Amma an yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana, kuma cikin shekara huɗu yawan 'yan firamare a Nijeriya ya ninka, daga wajen miliyan 6 zuwa sama da miliyan 12. Ana iya gina aji cikin wata uku in akwai siminti da kwano, amma malami ba ya nuna cikin wata uku. Sai aka shiga horon gaggawa, aka ɗebo waɗanda suka gama firamare jiya aka ba su alli, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 domin ta riƙa ƙarasa horar da su suna bakin aiki. Da aji ya cika ya batse, maimaita aji ya zama abin da ba zai yiwu ba, tun da masu tahowa a baya suna jiran benci, sai aka koma tura kowa gaba, ya iya ko bai iya ba. A nan ne, a ganina, aka saki hannun yaro matsakaici. Haziƙi bai ji a jikinsa sosai ba, domin shi ko daga bakin taga ya saurara zai gane. Wanda ke bukatar a maimaita masa sau uku shi ne ya tarar babu mai lokacin maimaitawa.

Hukuma ta ga alamar lalacewar, amma maganin da ta kawo na haziƙai ne. A 1977 Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka ƙara ta 'yan mata a Taura, ana tace ɗalibai da jarrabawa mai tsanani, a ba su malamai zaɓaɓɓu da ɗakunan gwaje-gwaje. Kuma sun yi amfani ƙwarai, domin likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa masu yawa can suka fito. Gwamnatin tarayya ma tana da kwalejojinta na haɗin kai, waɗanda ta fara da Sakkwato da Warri da Okposi a 1966, har ta kafa makarantar masu baiwa a Suleja. Ba laifi ba ne a girmama baiwa, Allah ne ya bayar da ita. Sai dai gwanintar manomi a jigawa ake ganinta, fadama kowa ya shuka zai girba. Ƙasar da ta kwashe na gaba-gaba ta killace su, ta bar sauran cikin ajin da ba malami, ba za ta iya kafa hujja da likitocinta ta ce ilminta lafiya lau ba.

Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu a zamanin Shugaba Shagari, sa'an nan shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida ya biyo baya a 1986, darajar Naira ta zube, albashin malaman firamare ya riƙa makalewa wata da watanni tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, yajin aiki ya yawaita, kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu aka yi ta mayar da su sakandare, har malami, wanda a da ake tashi tsaye in ya shigo zaure, ya zama wanda mai gidan haya ke gudun ba shi ɗaki. Manyan ma'aikata da attajirai suka fara zare 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan zarewa ta fi yankan kasafi illa, domin ran da ɗan babban sakatare ya bar makaranta, ran nan ta rasa wanda zai ɗaga murya in rufinta ya yaye. Makarantun kuɗi suka tsiro domin cike gurbi, da fari a Nasarawa da Bompai domin masu hali, daga baya suka bazu cikin kowane lungu na Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Hotoro. Abin ba na Kano kaɗai ba ne, domin ƙidayar da aka yi a Ikko tsakanin 2010 da 2011 ta sami makarantun kuɗi fiye da 12,000, kuma fiye da rabin yaran da ke karatu a jihar a cikinsu suke.

Wanda ke son ya yi hukunci da ilmi sai ya shiga azuzuwan biyu da ƙafarsa. A firamaren gwamnati ta cikin gari zai iya tarar da yara fiye da 100 a ɗaki guda, na gaba a kan benci, na baya a kan siminti ko kan takalmansu, malama tana rubutu a allon da ya kode, ta karanta su amsa gaba ɗaya da murya mai ƙarfi. In ta yi tambaya hannu biyar ko shida ne ke tashi, kullum su ne, da su ake darasi, saura kuwa bakinsu na motsi tare da jama'a, littafinsu cike da abin da suka kwafa ba su iya karanta shi. Sau da yawa malamar tana da takardar shaidar malanta, kuma albashinta ya fi na takwararta ta makarantar kuɗin unguwa, amma ba ta da ikon duba littafi 100 a yini, babu kuma mai zuwa ya tambaye ta. A makarantar kuɗin unguwa kuwa, wadda asalinta gidan zama ne aka raba ɗakunansa da katako, zai tarar da yara 25 ko 30, malami matashi wanda bai daɗe da gama sakandare ko difloma ba, yana zuwa kan lokaci domin mai makaranta na tsaye a ƙofa, yana ba da aikin gida yana kuma dubawa, ya san wanda ya yi fashi jiya. Wannan kulawa ita ce iyaye ke saye da kuɗinsu, kuma ga yaro matsakaici ba ƙaramin abu ba ce. Amma malamin nan ba a horar da shi ba, albashinsa bai kai ya riƙe shi ba, yana samun wani aiki zai tafi a tsakiyar zango. Ana cusa wa yara Turanci da hadda tun ba su iya karanta Hausa ba, domin uba ya ji ɗansa na gaisuwa da Turanci ya ce kuɗinsa bai faɗi ba. Ana sassauta maki domin kada a ɓata wa mai biya rai. Ran da kuɗin zango ya gagara kuwa a koro yaro gida, kuma in uba ya rasa yadda zai yi ya biya wa kowa, wadda ake fara cirewa ita ce 'ya mace matsakaiciya, a bar wa haziƙin wanta.

Masu makarantun kuɗi sukan kafa hujja da sakamakon jarrabawar WAEC da NECO, amma hujjar na bukatar tacewa. Yaron da ubansa ke iya biyan kuɗin makaranta galibi ya karya kumallo kafin ya fito, akwai mai karatu a gidansu, akwai fitila, ba ya talla. In ya fi ɗan makarantar gwamnati maki, kashi nawa ne aikin makaranta, kashi nawa ne aikin gida? Ga kuma manyan makarantun da ke tace ɗalibai tun a ƙofa, da cibiyoyin da kowa ya sani ana biya domin a yi wa ɗalibi satar amsa, abin da shari'a da hankali duka suka haramta. A ƙasar Indiya, a jihar Andhra Pradesh, masana sun raba wannan gardama ta hanyar ƙuri'a: aka zaɓi waɗansu 'ya'yan talakawa da ke makarantun gwamnati aka biya musu kuɗin makarantun kuɗi, aka bar 'yan'uwansu inda suke, bayan shekara huɗu aka gwada su, sai aka tarar babu wani bambanci a lissafi da harshensu na gida, ko da yake makarantun kuɗin sun cim ma haka da ƙasa da sulusin abin da gwamnati ke kashewa a kan kowane yaro. Indiya ba Kano ba ce, amma darasin ya isa ya sa mutum ya yi hattara da allon talla.

An sake ɗaura niyya a 1999, lokacin da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004 wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, aka gina azuzuwa masu yawa aka shafa musu fenti. Amma da Jihar Kaduna ta yi wa malamanta na firamare jarrabawa a 2017, da tambayoyin 'yan aji huɗu, cikin malamai wajen 33,000 fiye da 21,000 ba su kai makin da aka yanka ba. Ko da an yi saɓani a kan yadda aka gudanar da jarrabawar da korar da ta biyo baya, waɗannan malamai su kansu 'ya'yan ajin nan ne da aka yi ta turawa gaba tun 1976, matsakaitan da ba a tsaya an maimaita musu ba, suka girma aka ba su alli. A 2024 Gwamnatin Kano da bakinta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi.

Hukuncina shi ne, a halin da ake ciki, makarantar kuɗi mai amana ta fi amfanar yaro matsakaici a shekarunsa na farko, saboda ƙarancin yara da idon mai makaranta. Amma mafi yawan talakawan ƙasar nan ba za su taɓa iya biya ba, kuma ilmantar da 'ya'yansu wajibi ne a wuyan hukuma da al'umma, wanda ba ya faɗuwa don waɗansu sun sami mafita. Abin da ake bukata sananne ne, tun da an taɓa yin sa a ƙasar nan: aji wanda malami zai iya sanin sunan kowa, fara karatu da harshen uwa kamar yadda manufar ilmi ta ƙasa ta tanada a 1977, mai duba makarantu wanda ke zuwa da gaske, da hanyoyin sana'a masu mutunci ga wanda ba zai je jami'a ba.

Kai kuma magidanci, in za ka kai ɗanka makaranta, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, kada ka tsaya a ofishin hedimasta kana kallon kofunan da haziƙai suka ciwo. Ka nemi a kai ka aji huɗu, ka roƙi malami ya ba ka littafin yaron da ya zo na tsakiya a jarrabawar da ta wuce, ka duba ko an yi masa gyara da jan biro, sa'an nan ka buɗe shafin da bai taɓa gani ba ka ce ya karanta maka, ya faɗa maka da Hausa abin da ya fahimta. In ya iya, ka bar ɗanka a nan.